MTH 102: wa ya ji dokokin da Malam ya gindaya jiya?

Aminu kilas-ref: Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda ba su samu lakcar farko ta kalkulas ba jiya, ga abin da Malam ya faɗa, na rubuta daidai gwargwado don kar gobe wani ya ce ban sanar ba. Kwas ɗin yunit 2 ne, lakca sau ɗaya a sati, Talata ƙarfe 8 zuwa 10. C.A maki 30, jarabawa 70. A cikin 30 ɗin akwai tes biyu kowanne maki 10, sai asainmen huɗu da za a haɗa su zama maki 10. Wanda atendans ɗinsa bai kai kashi 75 ba ba zai zauna jarabawa ba. In Malam ya shigo da minti 15 an rufe ƙofa. Babu tes na ramuwa sai da takardar asibiti ko uzurin da ka kai tun kafin ranar. Kalkuleta mai maɓallin intagireshin ba za ta shiga hol ba, waya kuwa ko a kashe take in aka same ta jikinka satar amsa ce. Na ƙarshe wanda ya fi nanatawa, ya ce in tambaya maki 5 ce ka rubuta amsa kawai ba aiki to maki 1 gare ka ko da amsar daidai ce, in kuma aikinka ya tafi daidai ka yi kuskure a layin ƙarshe za ka iya samun 4.

Bashar: Wa alaikumus salam. Aminu don Allah wagga magana ta ruhe ƙohwa hwa? Ni daga Mabera nika tahowa, sai na hau kabu-kabu na kai inda aka samun mota, sannan in yi layi, wata rana ƙarhe bakwai ina wurin amma motat ba ta cika sai bakwai da rabi ta wuce. Wanda ad da hostel ba shi san wanga ba. Minti 15 ɗai? Ai sai a ce 'yan cikin gari su haƙura da kwas ɗin

Hauwa'u: Wallahi Bashar ka riga ni. Ni da yara biyu, sai na shirya babbar na miƙa ta makaranta na kai ƙaramin gidan Inna sannan in kama hanya. Ba gardama nake da doka ba amma a duba mu

Nura Gusau: Ni ta kalkuleta ce ta dame ni. Casio fx-991ES gare ni da ita na yi WAEC da komai, yanzu a ce in sake sayen wata? Kuɗin ma ina suke

Aminu kilas-ref: Nura ita ɗin ma ya ɗaga ya nuna mana, irin taka sak. Ya ce mai maɓallin d/dx da alamar intagiral ita yake nufi.

Yaya Sani 400 lebul: Salam ƙannena. Aminu ne ya saka ni cikin gurup ɗin nan don na yi ma ku tutoriyal, bari in sa baki tunda na ga abin ya fara zafi. Nura, kar ka sayi komai tukuna. Ari fx-82 wurin wani ranar tes, ko ma ka shiga hannu rabbana, don gaskiya a MTH 102 da wuya ka ga tambayar da ke buƙatar kalkuleta sosai. Amsoshin yawanci irin su 2x ne, ko 1/3, ko π/2, a haka ake barinsu ba a maida su desimal. Dalilin hana taka kuwa a fili yake, ka danna mata intagiral daga 0 zuwa 1 na x² ta fito ma ka da amsa nan take, kai ba ka san ta inda aka bi ba. Ita ma ba yadda ake koya ma ka take yi ba, ƙiyasi take da lambobi har ta kusanci amsar. To malami me zai auna a takardarka in na'ura ce ta yi?

Nura Gusau: Na gane Yaya. Amma a gida zan iya amfani da ita ko?

Yaya Sani 400 lebul: Ƙwarai ma kuwa, a gida ita ce alƙalinka. Ka yi aiki da hannu ka gama sannan ka danna ka ga ko kun yi daidai. Abu ɗaya dai, ka maida ta radiyan. Gwada wannan yanzu in tana kusa, sin(0.01) raba da 0.01. A radiyan za ka ga 0.99998 wato kusan 1, a digiri kuma za ka ga 0.01745. Duk ƙa'idar da za a koya ma ku cewa difarenshiyeshin na sin x shi ne cos x a kan radiyan ta tsaya, in ka bar ta a digiri sai ka yi ta zargin kanka alhali aikinka lafiya lau yake.

Nura Gusau: Kai na gwada, haka ne wallahi 0.01745 ta ba ni, ashe tun SS2 a digiri take

Rukayya: Ni tambayata daban ce kuma don Allah kar a ce raini ne. Bayoloji aka ba ni, me ya haɗa ni da kalkulas har da za a hana ni jarabawa a kan atendans? Ban yi Fada Mas, wato darasin ƙarin lissafi mai zurfi, a sakandare ba, makarantarmu ma babu malaminsa. Jiya da ya rubuta lim a allo ya sa kibiya a ƙasa ji na yi kamar in tashi in fita. Waɗanda suka yi Fada Mas suna ta amsawa mu kuwa muna kallo

Murtala: Rukayya zauna ki ji nawa. Ni wagga ita ta shekara ta biyu da nika yin kwas ɗin ga, kari-oba na ɗauko, kuma na yi Fada Mas, har B nis samu. Abin da yak kashe ni ke nan. Sati ukku na hwarko duk abin da anka yi na san shi, sai nic ce mi za ni zamna yi, nid daina zuwa. Ban san sadda anka wuce inda nis sani ba. Tes na biyu ban ma ji labarinai ba sai da anka gama. C.A ɗina 9 cikin 30, kin ga sai na samu 31 cikin 70 kahin in kai 40 in tsira da E, nis samu 24. Jimilla 33, F. Abokina da bai taɓa ganin dy/dx ba kahin jami'a C yas samu don shi tsoro ya sa bai taɓa hwashin lakca ba. Yanzu ga ni ina 200 lebul lakcata ta wani kwas tana karo da wagga ran Talata. Don haka ni dokar atendans ba ni da ta cewa a kanta, da an matsa mani bara da ban kai haka ba.

Bashar: Murtala Allah shi ba ka sa'a bana. Amma naka daban, kai da gangan kaƙ ƙi zuwa, mu muna son zuwa hanya ta ka hana mu. Ba a haɗa mu awo guda ba

Murtala: Gaskiya ta, ban musa ba.

Yaya Sani 400 lebul: Bashar mu yi lissafin abin mu gani tunda kwas ɗin lissafi ne. A ƙa'ida yunit ɗaya awa ɗaya ce a sati har sati 15, to yunit 2 awa 30 ke nan, zama 15 in ana yin awa biyu a haɗe. Kashi 75 na 15 shi ne 11.25, wato sai ka halarci 12, kana da uku da za ka iya rasawa. In samistar ta gajarce aka yi zama 12 kawai, 9 ake nema, nan ma uku ne. Ka ajiye ukun nan don ranar da mota ta ƙi ko rashin lafiya ko rasuwa, kar ka kashe su a banza tun farko. Sannan ka tuna awa 30 ɗin nan a ciki za a yi fankshin da giraf, limit da kontinuwiti, difarenshiyeshin da dabarunsa, neman mafi girma da mafi ƙanƙanta, zana kwana, sannan intagireshin da neman faɗin fili da girman abu. Haka tsarin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ya zayyana kwas ɗin. Duk zama ɗaya babi ne sukutum. Wanda ya rasa ranar cen rul, wato ƙa'idar fankshin cikin fankshin, zai zo ranar intagireshin ta hanyar musanya ya tarar ba ya gane komai domin ita ce dai aka juyo da baya.

Bashar: Yaya na ji wanga, ni ba atendans nika ƙi ba, ƙohwa nika magana. In na iso 8:20 a bar ni in shiga in zamna baya shiru, ko ba a rubuta sunana ba in dai ji karatun. Wa nic cuta?

Shafa'atu: A nan ina bayan Bashar. A hana ka maki wani abu ne, a hana ka ilimin kuma wani abu ne daban. Amma kuma jiya kun ga yadda aka yi, hol ɗin ƙofa ɗaya ke buɗe kuma tana gaba kusa da allo, duk wanda ya shigo sai hankalin kowa ya koma kansa, ga jan benci ga a matsa mini. Mu da ke baya dama da kyar muke jin muryar Malam tunda lasifika ba ta aiki. Har tara saura mutane na shigowa

Hauwa'u: To a buɗe ta baya mana. Mai latti ya bi ta can

Aminu kilas-ref: Wannan shawara ce mai kyau, zan kai ma Malam ita haka: wanda ya makara ya shiga ta baya ba tare da atendans ba. Ban yi alkawarin zai yarda ba amma zan faɗa. Maganar a canza lokaci kuwa da wasu ke turo mini ta firaibet, na duba taimtebul babu hol sai ƙarfe 2 na rana, ku da kanku kun san Sakkwato a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, mutum ɗari da wani abu a ɗaki ɗaya ba wuta ba fanka. Ni dai ba zan nemi wannan ba sai in mafi yawa sun ce haka.

Hauwa'u: A'a a bar shi takwas ɗin. Zan roƙi ƙanwar maigidan ta riƙa kai yaran ran Talata

Malam Lawali: Assalamu alaikum ɗalibai. Ni tsohon ɗalibi ne, yanzu ina koyar da lissafi a wata sakandare nan cikin gari, Sani ya ce in leƙo. Na karanta tun daga sama kuma na ga duk kun tsaya a kan ƙofa da kalkuleta, dokar da ta fi kowacce nauyi ba wanda ya taɓa ta, wato ta maki a kan aiki. Ku sake karanta ta. Wannan doka gata ce aka yi ma ku. Rukayya ke nake so ki ji wannan musamman. Abin da ke kada mutane a kalkulas ba kalkulas ba ne, aljabra ce ta SS1 da SS2. Ɗauki limit na (x² − 4)/(x − 2) in x na tunkarar 2. In kin sa 2 kai tsaye 0/0 za ki samu, ba ma'ana. Amma x² − 4 ai (x − 2)(x + 2) ne, ki soke na sama da na ƙasa saura x + 2, amsa 4. Ina sabon abu a nan? Layi ɗaya ne kawai sabo, sauran duk kin yi shi kafin WAEC. Ina gyaran takardun yara kullum, wanda zai rubuta (a + b)² = a² + b² ya manta 2ab, wanda zai ce √(x² + 9) daidai yake da x + 3, wanda alamar debewa ke ɓace masa in ya buɗe baka, wato biraket. In malami amsa kawai yake dubawa duk waɗannan sifili ne. In yana bin aiki layi layi zai ga kin fahimci limit ɗin, a alama kika zame, ya ba ki 3 ko 4.

Rukayya: Malam na gode. Wannan misalin na gane shi tsaf. Amma me ya sa ba za a ce x daidai yake da 2 ba kawai, sai a ce yana tunkara? Nan ne kaina ke ɗaurewa, in bai kai 2 ba ta yaya amsa ta zama 4 cif

Malam Lawali: Madalla da wannan tambaya, kuma kar ki ji kunyarta. Gwada 1.9 za ki samu 3.9, gwada 1.99 ki samu 3.99, ta sama kuma 2.01 ya ba ki 4.01. A kan 2 ɗin kanta fankshin ɗin ba shi da ƙima, rami ne a giraf, amma ta hagu da ta dama duk wuri ɗaya ake nufa. Limit sunan wurin da ake nufa ne ko an taka shi ko ba a taka ba. Kuma ki sani abin da ya ɗaure miki kai ya ɗaure ma manya. Newton ya fara aikinsa a 1665 zuwa 1666 lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Kambirij ya koma ƙauyensu, Leibniz na Jamus ya buga nasa a 1684, shi ne ma mai dy/dx da doguwar S ɗin nan ta intagiral da kuke gani. Dukansu sun yi ta aiki da wani ɗan ƙaramin adadi da wani lokaci a ɗauke shi sifili wani lokaci a raba da shi, har wani limamin coci Berkeley ya yi musu raddi a 1734 cewa wannan ba hujja ba ce. Sai wajen 1821 Cauchy a Faransa ya zaunar da maganar limit da kyau. Kusan shekara 150 ke nan. Ke a zama biyu ake so ki haɗiye, dole ya yi nauyi da farko.

Rukayya: Allah ya saka da alheri Malam. Saura amfaninsa gare ni a bayoloji

Yaya Sani 400 lebul: Yaɗuwar ƙwayoyin cuta a faranti, yadda magani ke raguwa a jini awa bayan awa, yawan kifi a tafki, duk maganar saurin canji ce kuma ita ce difarenshiyeshin. Za ki haɗu da su a gaba da eˣ a jikinsu. Bari in ba da na gida wanda kowa zai gani. Mai albasa a fadama yana da waya mita 100 zai kewaye fili mai kusurwa huɗu, gefe ɗaya akwai katanga ba ya buƙatar waya. In faɗin x ne tsawon zai zama 100 − 2x, fili kuma x(100 − 2x). Ka yi difarenshiyeshin ka samu 100 − 4x, ka daidaita da sifili x ya zama 25. Wato 25 da 50, murabba'in mita 1250. In ya yi 10 da 80 800 kawai zai samu da wayar nan dai. Irin wannan tambayar tana fitowa a jarabawa, kuma rabin makin a kan kafa x(100 − 2x) ɗin yake tun kafin a taɓa kalkulas.

Bashar: To wanga na so shi, baffana na da garka wajen Kware sai na gwada mishi

Jamilu: Ni fa ku yi haƙuri, asainmen ɗin nan maki 10 kowa ya san yadda ake yi. Mutum ɗaya ya yi a ɗauki hoto a turo gurup, ko a ba ChatGPT ya warware. Malam mai ɗalibai sama da ɗari zai zauna ya bi na kowa? Mu daina wahalar da kanmu

Aminu kilas-ref: Jamilu na manta ban sa wannan a sama ba. Ya ce tattaunawa a kan asainmen halas ce, ku zauna ku yi tare, amma kowa ya rubuta da hannunsa da fahimtarsa, in ya ga biyu iri ɗaya har kuskure duka biyun sifili, kuma zai riƙa kiran suna biyar ba zato su fito allo su yi bayanin abin da suka miƙa. Don haka a gurup ɗin nan ba za a tura hoton amsa ba, wanda ya turo zan goge.

Jamilu: Wannan kuma takurawa ce Aminu, gurup na taimakon juna ne

Murtala: Jamilu bara haka munka yi, duk asainmen na kwahe na samu makin. Shi na 9 ɗin da nig gaya maku, kusan duka na asainmen na, tes ɗin da niz zamna maki 2 nis samu. Ka lissafa, asainmen huɗu maki 10, kowane biyu da rabi. Tambayoyin nan su na ka dawowa cikin jarabawa an canza lamba, maki 70. Ka sai da saba'in don biyu da rabi

Jamilu: Na ji. Amma ChatGPT ɗin fa in ban gane ba in tambaye shi ya yi mini bayani, shi ma haramun ne?

Malam Lawali: Ba na jin akwai malamin da zai hana ka neman bayani. Ni shawarata ka fara kokawa da tambayar minti 20 da biro kafin ka buɗe waya, in ka maƙale ka tambayi matakin da ya tsaya ma ka kaɗai, sannan ka rufe ka sake yi daga farko ba ka kallo. Kuma ka riƙa tantancewa don yana kuskure wani lokaci kuma da ƙarfin gwiwa yake faɗa. Intagireshin na da sauƙin tantancewa, ka yi difarenshiyeshin na amsarka in ta maido ka tambayar to daidai ne. Kar a manta + C, maki ɗaya ɗaya da yake ci a takarda ba kaɗan ba ne.

Shafa'atu: Tambaya a kan tes na ramuwa. In mutum zazzaɓi ya kama shi da dare ya sha magani a kemis bai je asibiti ba fa? Yawancinmu haka muke yi, ba kowa ke da kuɗin kati ba

Yaya Sani 400 lebul: Ki je kilinik na makaranta ko da washegari ne, kin riga kin biya kuɗin lafiya a rajista, su ba ki takarda. Kuma ki sa a sanar da Aminu tun da safen ranar kafin a fara tes, ba bayan sati biyu ba. Malamai sun fi sauraron wanda ya yi magana da wuri. In rasuwa ce ko haihuwa rubuta wasiƙa ta hannun kodinetan lebul ɗinku.

Hauwa'u: Aminu ka tambaya mana ranakun tes ɗin tun yanzu don mu shirya gida, kar a ce mana gobe tes da dare

Aminu kilas-ref: Ya ce na farko sati na 5 a kan fankshin da limit, na biyu sati na 10 a kan difarenshiyeshin gaba ɗaya, a lokacin lakca za a yi. Zan nemi ya tabbatar da kwanan wata. Abin da zan kai masa ke nan: ƙofar baya ga masu latti, lasifika, da ranakun tes. Akwai ƙari?

Rukayya: A roƙe shi ya riƙa ba mu tambayoyin gwaji bayan kowace lakca ko goma ne, mu da ba mu da tushe

Yaya Sani 400 lebul: Wannan ni ma zan iya. Tutoriyal Asabar ƙarfe 10 zuwa 12, kyauta ne. Satin nan ba za mu taɓa kalkulas ba sam, aljabra za mu yi, faktoraizin, indisis, sod, da sin da cos na 30, 45, 60 a radiyan. Kowa ya zo da littafi na musamman da biro, ba kallo za a zo yi ba kowa sai ya fita allo. Murtala ina so ka zo ka taya ni duba na mutane.

Murtala: In sha Allahu ina nan tahe.

Bashar: Yaya in an yi shi cikin gari hwa? Asabat mota ta hi wuya, kuma mu 'yan gari mun hi yawa

Malam Lawali: In kun rasa wuri zan nemi izinin aji ɗaya a makarantarmu, akwai allo da benci, sai dai ku zo da alli. Aminu ka ƙirga mini mutum nawa ne zuwa Alhamis don in san wanda zan roƙa.

Aminu kilas-ref: To masu zuwa kowa ya rubuta sunansa a ƙasa ya sa gari ko hostel.

Hauwa'u: Hauwa'u, gari. Zan zo da ƙaramin in ba damuwa

Malam Lawali: Ba damuwa, ki zo da shi.